Wuƙar feraya mai lanƙwasa: tambayoyi da amsoshi kan saye, riƙo da washi

Tun ranar da aka ga 'yar wuƙar nan a hannuna wajen girkin wani biki, tambayoyi ba su yanke ba. Wata ta zaci karyewa ta yi aka gyara, wata ta ce ai wannan ƙanwar lauje ce. Shi ne na tattaro tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya koya a madafa. Da uwargida nake magana, amma masu tuyar dankali da masu sayar da kayan marmari, ku ma maganar ta shafe ku.

Wace irin wuƙa ce, kuma yaya sunanta?

Ƙaramar wuƙa ce, ruwanta bai cika wuce santimita 6 zuwa 7 ba, wato kusan tsawon ɗan yatsa. Ruwan ya lanƙwasa, tsinin ya sunkuya ƙasa, kaifin kuma yana ta cikin lanƙwasar, daidai yadda na lauje yake. Faransawa suna ce mata bec d'oiseau, ma'ana bakin tsuntsu, saboda kamar da ta yi da bakin aku ko na shaho. A shaguna da intanet za ki fi ganin an rubuta mata tourné, sunan wani salon yanka na girkin Faransa. Ni dai wuƙar feraya mai lanƙwasa nake ce mata, kuma duk wadda na faɗa wa takan gane.

Me lanƙwasar take ƙarawa? Ba duk wuƙa wuƙa ce ba?

Ɗauki dankalin turawa ki ɗora miƙaƙƙiyar wuƙa a jikinsa, ki duba da kyau. Wuri ɗaya tak bakin wuƙar ya taɓa, domin shi a mulmule yake, ita kuwa a miƙe. To dole ɗayan biyu ya faru: ko ki riƙa cire ɓawon siriri-siriri aikin ya ci miki lokaci, ko ki nutsa wuƙar ta tafi da ɓawo haɗe da tsokar dankalin. Na biyun ne ya fi yawa a gidajenmu. Ki leƙa kwandon ɓawo bayan an gama feraya, ki ga abincin da ake zubar wa awaki.

Mai lanƙwasa rungumar jikin abin take yi. Bakinta yana bin zagayen dankalin, sai ɓawo ya fito da faɗi amma ba kauri.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Yawancin wuƙaƙen da ake shigo mana da su daga waje, don yanka a kan katako aka ƙera su. Mu kuwa a hannu muka gaji yanka. Iyayenmu a tafin hannu suke yanka albasa, a hannu suke yanka kuɓewa tana zuba cikin kwano, babu katako babu tebur. Wannan wuƙa ita ce wadda aka ƙera musamman domin aikin da ake yi a hannu, abin yana sama, yatsu suna juya shi. Shi ya sa mace Bahaushiya ba ta daɗewa take sabawa da ita. Hannunki ya riga ya san rabin karatun.

Mene ne shi wannan yankan tourné ɗin?

A girkin gargajiya na manyan gidajen abincin Faransa, ana sassaƙa dankali ko karas ya fito kamar 'yar ganga, tsakiya da kauri, bakin nan biyu a tsuke, tsawonsa wajen santimita 5, kuma da fuska bakwai cif. Har yau ana koya wa ɗaliban makarantun girki shi, domin yana horar da hannu. Hujjarsu ita ce guntayen da suka zo daidai da juna tare suke nuna, kuma suna da kyan gani a faranti.

Gaskiyar magana, a girkin gida ban ga dalilinsa ba, domin ɓarnarsa da yawa: wani kaso mai tsoka na dankalin a sassaƙe yake tafiya. In kina son gwadawa don baƙi, kada ki zubar da sassaƙen. Ki zuba shi a ruwa kada ya yi baƙi, ki yi fate da shi ko ki kaɗa shi a miya.

To a kicin ɗinmu, wane aiki za ta yi mini?

Dankalin turawa shi ne gidanta, musamman ƙananan nan na Jos da ke wahalar riƙewa. Bayan feraya, tsinin nan da ya sunkuya shi ne maganin idon dankali: ki kafa shi a gefen idon, ki juya dankalin sau ɗaya, idon ya fito kamar an ƙwaƙule shi da farce. Kada ki raina wannan aiki. Tsiron dankali da inda ya yi kore suna ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira solanin, kuma dafuwa ba ta kawar da shi yadda ya kamata. A yanke wurin da zurfi. In koren ya mamaye dankalin ko yana ɗaci, a jefar da shi.

Doya kuwa, kada ki tunkare ta gaba ɗayanta da 'yar wuƙar nan. Ki sa babbar wuƙa ki yanka ta ƙawanya-ƙawanya tukuna, sannan ki ɗauki kowane yanki ki zagaye ɓawon da mai lanƙwasa. A nan ne za ki ga bambanci ƙarara, domin gefen yankin a zagaye yake, wuƙar kuma bin sa kawai take yi. Haka makani da dankalin hausa, ko da yake dankalin hausa mai lungu-lungu sai kin haɗa da tsini. Makani yana sa ƙaiƙayin hannu, ki shafa ɗan mai kafin ki fara. Rogo ba feraye shi ake yi ba: ki tsaga ɓawon a tsaye da tsinin, ki zura bakin wuƙar a ƙarƙashin farin ɓawon nan mai kauri ki ɗaga, zai ɓaro gaba ɗaya. Wannan farin ɓawon dole ya fita duka.

A kayan marmari ma ba ta da na biyu. Ki tsaya ki kalli mai sayar da lemo yana feraya: wuƙar ba ta yawo, lemon ne ke juyawa, koren ɓawon yana sauka kamar zare, farin ciki yana nan bai huje ba. Da reza ko ƙaramar wuƙa da yawansu ke yi, kuma da mai lanƙwasa za ki iya kwaikwayonsu cikin 'yan kwanaki. Tana feraye mangwaro da tuffa da gwaiba, tana ƙwaƙule idon abarba ɗaya bayan ɗaya bayan babbar wuƙa ta cire ɓawon. Da azumi, in na zauna cire ƙwallon dabino don kunun aya, ita nake ɗauka: tsaga ɗaya a tsaye, ƙwallo ya faɗo.

Sai ƙananan ayyuka: zagaye hancin tattasai a zaro shi da 'ya'yansa, cire gindin tumatir, gyara kan kuɓewa, datse kai da gindin albasa da tafarnuwa kafin a ɓare. Ɗanyar citta cokali ya fi kankare ta ba asara, amma lungunan da cokali bai shiga, tsinin wuƙar yana shiga.

Wane aiki ne ba nata ba?

Duk aikin katako. In kika kwantar da ita a kan katako, tsini da gindi ne kawai za su taɓa, tsakiya yana sama, don haka ba za ta raba albasa ko ganye ba, sai dai tsinin ya dakushe. Ba ta nama ba ce, balle ƙashi. Kabewa da rake da kwakwa sun fi ƙarfinta. Kuma don Allah kada a buɗe gwangwanin tumatir da ita. Tsinin siriri ne, in ya karye rabin amfanin wuƙar ya tafi.

Yaya ake riƙe ta? Ina tsoron wuƙar da ke fuskantar yatsana.

Tsoron nan a kan hanya yake, kuma riƙo mai kyau ne maganinsa. Ki naɗe mariƙin da yatsunki huɗu, can sama kusa da ruwan wuƙar, kaifin yana kallonki. Babban yatsa ba ya kan wuƙa, a jikin dankalin yake, shi ne madogara. Amma ki ajiye shi ƙasa kaɗan da layin da wuƙar za ta bi, yadda ko ta kuɓuce, sama da shi za ta wuce.

Motsin kuma daga yatsu yake fitowa, kamar mai dunƙule hannu a hankali. Kafaɗa da gwiwar hannu ba ruwansu. Da zarar kin ji kina jan wuƙar da ƙarfin damtse, ki tsaya: ko dai wuƙar ta dakushe, ko abin ya fi ƙarfinta. Ɗaya hannun shi ke juya dankalin yana kawo wa wuƙar sabon wuri. Gajeren ja, juya, gajeren ja, juya.

Ki fara koyo a zaune, da roba a cinya, hannu a bushe. Jiƙaƙƙen hannu da santsin doya ko mangwaro su suka fi jawo yanka. In abin ya fara santsi, ki goge shi da tsumma ki goge mariƙin.

In na je saye, me zan duba?

Ki fara da mariƙi, domin shi za ki yi awa kina damƙe da shi. Ki riƙe ta irin riƙon da na faɗa, ba irin riƙon babbar wuƙa ba. Ya cika miki hannu ba tare da ya yi ƙato ba? Akwai wani kaifin roba ko kan ƙusa da ke sukar tafinki? Mariƙi mai ɗan kaushi ya fi mai sulɓi, komai kyansa a ido. Wuƙar ta zama marar nauyi, domin a sama za ki riƙe ta, ba katakon da zai taya ki ɗauka.

Sannan ki duba ruwan. Ya zama siriri, domin mai kauri tsaga dankali yake yi maimakon ya bi ƙarƙashin ɓawo. Ki ɗan danna shi gefe da yatsa: ɗan lanƙwasawa kaɗan ba laifi, amma in yana lauyewa kamar murfin gwangwani, ajiye shi. Ki kalli bayan wuƙar daga mariƙi zuwa tsini ki tabbata a miƙe yake bai karkace ba. Ki girgiza inda ruwa ya haɗu da mariƙi. In yana motsi ko akwai rami, nan datti zai taru, nan kuma za ta rabu.

Lanƙwasar ma iri-iri ce. Mai zurfi sosai ta fi dacewa da ƙananan abubuwa da ado, amma tana da wuyar washi. Don aikin gida ki zaɓi matsakaiciya. Mai haƙora irin na zarto kuma ki bar ta, tana yagar ɓawo, kuma in ta dakushe gyaranta sai gwani.

Wane ƙarfe ya fi: marar tsatsa ko irin na maƙera?

Ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke kare shi daga tsatsa. A jikin wuƙaƙen Jamus da yawa za ki ga an rubuta X50CrMoV15. Ba ado ba ne, bayanin ƙarfen ne: kabon kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuromiyam kashi 15. Irin wannan yana riƙe kaifi daidai gwargwado, kuma ba ya wahalar washi.

Baƙin ƙarfe irin wanda maƙeranmu ke aiki da shi yana saurin ɗaukar kaifi, kuma kaifinsa da daɗi. Matsalarsa ita ce aikin wannan wuƙa duk a cikin ruwa da tsami yake: lemo, abarba, tumatir, mangwaro. Baƙin ƙarfe yana baƙanta da tsami, wani lokaci ya bar wa tuffa ko albasa launi da ɗanɗanon ƙarfe, in kuma aka bar shi a jiƙe ya kwana sai tsatsa. Don haka a wannan wuƙar, marar tsatsa nake zaɓa. Amma in kina da maƙerin da kika yarda da hannunsa, ki zana masa siffar a takarda ya ƙera miki. Mutumin da ya iya ƙera lauje ba za ta gagare shi ba. Sharaɗin kawai ki riƙa goge ta nan take, ki shafa mata ɗigon man gyaɗa.

Akwai kuma farare na tangaran. Suna da kaifi, amma faɗuwa ɗaya a siminti ta ishe su, kuma dutsen washi na gida ba ya wasa su.

Sai na sayi mai tsada?

A'a. Kamfanonin da suka yi suna a wuƙa suna yin ta: Victorinox na Suwizalan wanda ya faro a 1884, Wüsthof da Zwilling na birnin Solingen a Jamus, Opinel na Faransa. A cikin kayan Victorinox, ƙananan wuƙaƙe masu mariƙin roba suna daga cikin mafiya araha, kuma su ne ma'aikatan manyan kicin da yawa ke amfani da su kullum. Masu tsadar, waɗanda ƙarfensu ya ratsa mariƙi har ƙarshe aka ɗaure da ƙusa uku, suna da kyau da ƙarko, sai dai wannan ƙarfin babbar wuƙar sara ce ke buƙatarsa. Wuƙar feraye lemo ba ta sara komai.

Duk da haka araha ba ta ado. Waɗanda ake haɗawa a saiti mai launi-launi, ruwan an shafa masa fenti, da yawansu ƙarfen laushi gare shi, kaifin ba ya kwana biyu, fentin kuma yana ɓarewa cikin abinci. Ki kuma lura da jabu: rubutun da ke gogewa da farce a jikin ruwan wuƙa alama ce marar kyau. Ba kowane shagon kayan kicin ke kawo ta ba, don haka ki tafi da hotonta a waya ki nuna, ya fi dogon bayani.

Yaya ake wasa ta? Na gwada a dutse abin ya ƙi.

Dole ya ƙi, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin a nan yawancin masu sayen wuƙar nan suke yar da ita. Dutsen washi a shimfiɗe yake, kaifin wuƙar kuwa yana cikin rami. In kika goga ta a fuskar dutse, tsini da gindi ne ke cin dutsen, tsakiyar da ke yin aikin ba ta taɓa shi ba sam. Abin da za ki wasa ta da shi dole ya zama mulmulalle, mai shiga cikin lanƙwasar.

Mafi sauƙi shi ne sandar washi ta tangaran, zagayayya. In babu, ki haɗa taki: ki sami sanfefa mai laushi, lamba 600 da lamba 1000, irin wadda masu fentin mota ke amfani da ita da ruwa, ki naɗe ta a jikin sandar maburgi ko guntun bututun roba, ki ɗaure. In wannan ma babu, ki kifa kofin tangaran, za ki ga wata ƙawanya a gindinsa wadda ba a shafa wa sheƙi ba, mai ɗan kaushi. Gefen wannan ƙawanya yana tayar da kaifin da ya fara kwanciya.

Ga yadda ake yi. Ki kwantar da ruwan wuƙar a jikin sandar, sannan ki ɗaga bayanta kaɗan, kusurwar digiri 15 zuwa 20. In lissafin digiri bai zauna miki ba, ki shafa tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, a bakin wuƙar, ki ja sau biyu ki duba: in tawadar ta goge daidai a bakin kaifin, kin dace, in can sama ta goge, ki ƙara ɗagawa. Ki ja daga gindi zuwa tsini, kina juya wuyan hannunki yana bin lanƙwasar, ba dannawa da ƙarfi. Ki yi ta yi a gefe ɗaya har sai kin shafa ɗaya gefen, daga baya zuwa baki, kin ji wani ɗan kaushi kamar gashi ya taso tun daga gindi har tsini. Wannan ne shaidar kin kai bakin. Sai ki juya ki yi wa ɗaya gefen haka, ki koma sanfefa lamba 1000 ki sassauta hannu.

Ƙarshe ki yi abin da wanzamai ke yi wa aska: ki ja ta a kan fata, tsohon bel ma ya isa, bayan wuƙar yana gaba kaifin yana biye. Gwajin kuma tumatir ne. In ta shiga fatar nunannen tumatir ba tare da kin danna ba, ta yi. Ki wanke ta kafin ta taɓa abinci.

In kina yi mata ja biyar-biyar a sandar duk mako, zai yi wuya ki buƙaci dogon washi.

Zan iya ba masu washi na inji?

Ni na taɓa bayarwa, kuma har yau ina jin zafin abin. Na haɗa ta da manyan wuƙaƙe gab da babbar salla na aika. Da aka dawo da ita, dutsen injin ya cinye tsinin, lanƙwasar ta kusa miƙewa, bakin kuma ya yi shuɗi-shuɗi, alamar zafi ya ƙona ƙarfen. Ƙarfen da ya ƙone haka ba ya ƙara riƙe kaifi a wurin. Mai washin bai yi da mugunta ba, irin washin da ya saba yi wa wuƙar fawa ya yi mata. In dole sai kin bayar, ki je da kanki, ki ce a gefen dutsen za a taɓa ta, a hankali, ana tsoma ta a ruwa. Su ma 'yan na'urorin nan da ake zura wuƙa a ja, an yi su ne don miƙaƙƙen baki, ba sa bin lanƙwasa da kyau.

Ni bahaguwa ce, za ta yi mini?

Za ta yi. Yawancinsu gefe biyu aka wasa su, dama da hagu duk ɗaya. Ki dai juya ta ki duba kafin ki biya.

Ina da abin feraye dankali irin mai kama da reza. Ina buƙatar wannan kuma?

Wancan abin kirki ne, kuma samfurinsa da ya fi shahara, Rex, tun 1947 ake yin sa a Suwizalan. A karas da kokwamba da dankali mai santsin jiki ya fi wuƙa sauri, ya fi ta cire ɓawo siriri, kuma ya fi aminci a hannun mai koyo. In feraye buhun dankali ne aikinki kullum, ki riƙe shi. Inda yake gazawa shi ne ɓawo mai kauri irin na doya da rogo, da lungu, da duk aikin da ke son tsini: dabino, tattasai, idon abarba, ruɓaɓɓen wuri a jikin tumatir. Ni duka biyun suna cikin kwandona, amma in za a ce in ɗauki ɗaya in tafi aikin biki, wuƙar zan ɗauka.

Wanki da ajiya fa?

Da kin gama ki wanke ta ita kaɗai da soso mai laushi, ki goge, ki ajiye. Kada ki jefa ta cikin bahon wanke-wanke. Ƙarama ce, tana nutsewa ƙarƙashin kumfa, mai wanke-wanken kuma ba ta san tana ciki ba sai ta ji ta a yatsa. Soson ƙarfe yana kashe kaifi. Marar tsatsa ma in ta daɗe cikin ruwan gishiri ko ruwan bilic, takan yi ɗigo-ɗigon tsatsa.

In ba ta zo da kube ba, ki naɗe kwali ki manne da salatif ki yi mata. Yana kare tsinin daga karo da cokula, yana kare hannun mai lalube. A ajiye ta sama, inda hannun yara bai kai ba, domin ƙanƙantarta da siffarta suna jan idon yaro fiye da babbar wuƙa.

In na yanke fa?

Ki wanke wurin da ruwa mai tsabta, ki danne da tsumma mai tsabta, ki ɗaga hannun sama, ki riƙe kamar minti 10 ba tare da kina buɗewa kina leƙawa ba. Kada a zuba kananzir, ko man goge baki, ko toka, ko ƙasa. In jinin ya ƙi tsayawa, ko yankan ya buɗe baki, ko yatsan ya mutu ba kya jin sa, ko ya ƙi lanƙwasuwa, a tafi asibiti a ranar, domin jijiyoyin yatsa ba su da nisa da fata. A can ki faɗa musu rabonki da allurar tetanus.

'Yata ta fara shiga kicin. In ba ta ita?

Ba ranar farko ba. Ki fara ba ta abin feraya mai kama da reza da karas, hannunta ya saba da juya abu. In kin ga ta natsu, sai ki zaunar da ita kusa da ke, ki ba ta dafaffen dankalin da ya huce, wanda ɓawonsa ke fita ba gardama, ki ɗora hannunki a kan nata ki gyara mata mazaunin babban yatsa. Wuƙar da za ki ba ta ta zama mai kaifi, domin dakusasshiya ce ke sa yaro ya danna da ƙarfi har ta kuɓuce. Daga dafaffen dankali sai ɗanye, daga nan sai lemo. Doya da mangwaro masu santsi su zo a ƙarshe, kuma kina zaune a wurin.